Asusun Al'umma a Kolmani da Dadin Kowa: Ta Wace Ƙofa Kuɗin Zai Shigo Ƙauye?

Ranar Talata, 22 ga Nuwamba 2022, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ƙaddamar da aikin haƙar man Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, ina wajen Baffana a wani ƙauye cikin ƙasar Akko ta jihar Gombe. Kaka ce, yara na sussukar wake a bayan gida, mu kuma muna gindin maina da rediyo a kan tabarma. Mai kawo rahoto sai jero alƙaluma yake yi: ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1, jarin dala biliyan 3, matatar mai, masana'antar takin zamani, tashar lantarki mai megawat 300. Baffa ya saurara har aka gama, sannan ya rage muryar rediyon ya dube ni.

"Ɗana, duk na ji. To mu namu ta wace ƙofa zai shigo?"

Na ce, "Baffa, ai akwai kashi 13."

Ya ce, "Na gwamna kake faɗa mini. Ni na ƙauye nake tambaya."

Yana da gaskiya. Tambayar nan ce ta sa na zauna da dokokin na karanta su a tsanake, kuma abin da na tarar ya dame ni: kuɗin da doka ta rubuta da sunan ƙauye shi ne wanda muka fi ƙarancin magana a kansa, alhali shi ne wanda ake yanke makomarsa tun kafin ganga ɗaya ta fito daga ƙasa.

Mu fara da abin da ba ya da daɗin ji. A doka, man ba namu ba ne. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinai da mai da iskar gas a hannun gwamnatin tarayya, ko da a tsakiyar gonar mutum aka same su. Abin da ya rage wa mutanen wuri shi ne rabo, kuma rabon ta ƙofofi daban-daban yake zuwa. Ƙofa ta farko ita ce kashi 13 na kuɗin man da kowa ya sani, wanda ke sashe na 162(2). Shi baitulmalin jihar da aka haƙo man yake shiga, kuma sai an haƙo man an sayar. A kansa ne ake ja-in-ja tsakanin Bauchi da Gombe, 'yan Bauchi na cewa rijiyar tana Alkaleri, 'yan Gombe na cewa ƙasar Pindiga ce a Akko. Ba na raina wannan muhawara, domin kuɗi ne masu yawa. Amma jihohin nan biyu gida ɗaya ne har zuwa 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi, kuma manomin da bututu zai ratsa gonarsa, ko ta wane ɓangaren iyaka yake, babu sunansa a cikin kashi 13.

Ƙofa ta biyu ita ce ta manyan hukumomin raya yanki. A nan 'yan'uwanmu na Neja Delta sun riga mu ɗanɗanawa. Tun 1956 aka sami mai a Oloibiri. An kafa musu OMPADEC a 1992, aka maye gurbinta da NDDC a 2000. Da gwamnatin tarayya ta sa aka bi diddigin kuɗin NDDC, rahoton da aka miƙa a 2021 ya yi maganar kusan naira tiriliyan 6 da suka shiga hukumar, da ayyuka 13,777 da aka watsar ko aka yi musu aikin ha'inci, da asusun banki 362. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuɗi ba su yi ƙaranci a can ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon mai ƙauye a kan kuɗin.

Akwai kuma diyya, wadda jama'a da yawa ke haɗawa da asusun al'umma. Ba ɗaya ba ne. Diyya haƙƙin mutum ne shi kaɗai idan aka karɓi gonarsa, kuma a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 amfanin gona da itatuwa da gine-gine ake biya, ba ita kanta ƙasar ba. Sau ɗaya ake biya a wuce wurin. Duk wanda ya ce maka rijiyar burtsatse da aka yi wa gari ta tsaya a madadin diyyar gonarka, bai faɗa maka daidai ba.

Ƙofar da Baffa ke tambaya ita ce ta uku. Dokar man fetur ta PIA, wadda Buhari ya sa wa hannu ranar 16 ga Agusta 2021, ta keɓe babi guda, daga sashe na 234 zuwa 257, kan al'ummomin da ake aikin mai a ƙasarsu. Kafin ita, kamfanoni irin su Chevron a 2005 da Shell a 2006 sun fara ƙulla yarjejeniya da garuruwan Neja Delta, amma abin ganin dama ne, kyauta ce da mai bayarwa ke iya janyewa. PIA ta mai da shi wajibi. Dole kamfani ya kafa asusun amana, ya yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 duk shekara, hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai kuma ta sa ido. Ƙin kafa asusun na iya zama dalilin ƙwace lasisi.

Kashi 3 na me? A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ba kashi 3 na man da aka sayar ba ne, ba kuma na riba ba. Kashi 3 ne na kuɗin da kamfani ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata: albashi, gyaran injina, tsaro, sufuri da makamantansu. Kuɗin haƙa sababbin rijiyoyi da gina masana'anta akasari a jari ake lissafa su, ba a kuɗin gudanarwa ba. Ma'ana, dala biliyan 3 ɗin nan da muka ji a rediyo ba daga ita za a cire kashi 3 ba. Kuma shekarun da ƙura da ƙarar injina da manyan motoci za su fi damun ƙauyuka, wato shekarun gini, su ne asusun zai iya kasancewa a rame. Mutanen Neja Delta kashi 10 suka nema. Majalisar wakilai ta amince da 5, ta dattawa ta ce 3, a kan 3 aka tsaya.

Mu ɗauki misali kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce kamfani ya kashe naira biliyan 20 wajen gudanarwa a bara. Kashi 3 ya kama miliyan 600. Doka ta raba wannan gida uku: kashi 75 na ayyuka, wato miliyan 450, kashi 20 na ajiya, miliyan 120, abin da bai wuce kashi 5 ba na tafiyar da asusun, miliyan 30. Idan garuruwa 30 ne a cikin jerin kuma aka raba daidai, kowanne zai tashi da aikin miliyan 15 a shekara. Duk wanda ya sayi siminti da rodi a 'yan shekarun nan ya san iya inda miliyan 15 za ta tsaya. Kuɗi ne da za su canza rayuwar ƙauye idan an yi ta ɗora bulo a kan bulo shekara goma, amma ba kuɗin da kowa zai yi arziki da su ba ne. Gara a faɗa wa jama'a wannan tun yanzu. Dogon buri da aka bari ya yi girma babu bayani, shi ne ke rikiɗewa ya zama zargi, zargi ya zama gaba tsakanin maƙwabta.

Sannan wa ke faɗin adadin abin da aka kashe? Kamfanin ne. Shi ke riƙe da littafin, shi ke cire kashi ukun. Hukumar NUPRC na da ikon dubawa, kuma akwai hukumar NEITI da ke wallafa abin da kamfanonin mai ke biya, amma in babu wani daga cikin al'umma da ya iya karanta takardar akanta ya kuma dage sai ya gani, to duk adadin da aka faɗa shi za a karɓa da godiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokaci. Filayen Kolmani lasisin neman mai ne, OPL 809 da 810. Ga irin wannan lasisi, doka ta ce a kafa asusun kafin kamfani ya nemi amincewa da tsarinsa na fara haƙa gadan-gadan. Wato kujerun za a cika su, jerin garuruwan za a rubuta shi, tun babu ko kwabo a asusun, lokacin da kowa ke cewa ai abin ya kwanta. Bayan bikin 2022 aikin ya yi tafiyar hawainiya, mutane da yawa sun cire rai. A 2025 shugaban NNPC, Bashir Bayo Ojulari, ya ce za a koma. Ko an koma gobe ko baɗi, wannan shirun shi ne damarmu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace ce al'ummar da abin ya shafa? Doka ta ce garuruwan da ke cikin yankin aikin ko suke jingine da shi, da kuma duk wani gari da kamfani ya ga ya dace ya saka. Ka ga an bar wa kamfani wuƙa da nama. Kuma shi ne zai kawo ma'aunin da za a raba kuɗin tsakanin garuruwan. Kamfani kuwa taswira yake dubawa da wanda ya fi kusa da kunnensa. Taswira ba ta nuna rugar da ta yi shekara arba'in a gefen daji. Ba ta nuna burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, wanda waya ɗaya ta shinge za ta toshe. Ba ta nuna ƙauyen da ke gangaren rafi, wanda rijiya ba ta ƙasarsa amma duk abin da ya malalo a ruwansa zai tsaya, ko garin bakin hanya da tankoki za su riƙa ratsawa dare da rana ta gaban makarantar firamare. Makiyaya musamman nake jin tsoron a manta da su, saboda ba su da ginin siminti da za a nuna a ce ga gari. Idan arɗo ba ya wurin ranar da ake rubuta sunaye, to jama'arsa ba sa cikin lissafi, kuma shigar da suna bayan an rufe jerin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ƙasar nan kuma ba ta ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba ce. Akwai Fulani, akwai Jukun, akwai Hausawa da sauransu, akwai masallaci akwai coci. Jerin da ya tsallake wata unguwa saboda ba ta da babban mutum a birni, shuka rigima ce da jikoki za su girba.

Shugabancin asusun hawa uku ne. A sama akwai kwamitin amintattu, waɗanda kamfani ke naɗawa bayan tuntuɓar al'umma. Doka ta ce su fito daga cikin al'ummar, su zama masu mutunci da ƙwarewa, wa'adinsu shekara 4, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Ƙarƙashinsu akwai kwamitin gudanarwa, inda kowane gari ke tura wakili ɗaya, tare da ƙwararrun da amintattu suka zaɓo. A ƙasa kuma akwai kwamitin ba da shawara na kowane gari. A takarda tsarin ya yi kyau. Sai dai sakataren amintattu, mai riƙe da littattafai, kamfani ne ke naɗa shi, kuma kashi 5 na gudanarwa ma hannun kamfani ake damƙawa. Sannan kalmar "tuntuɓa" tana da faɗi. Taro a otal a Gombe ko Bauchi da mutum ashirin da aka aika wa mota, tuntuɓa ce. Taro a filin makaranta ranar da ba kasuwa, bayan an yi shela kwana bakwai, shi ma tuntuɓa ce. Wadda al'umma ta nace a kai, ita za ta samu.

Zan faɗi ra'ayina kan iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara musu lafiya, cikin ladabi. Ba na ganin ya dace sarki ko hakimi ya zama mai sa hannu a cek ɗin asusu. Ba don rashin yarda ba. Dalili shi ne ranar da rigima ta tashi kan kuɗi, kuma za ta tashi, dole a sami wurin da za a kai ƙara, wurin da kowa zai cire takalmi ya zauna ya ji hukunci. Idan uban ƙasa na cikin waɗanda ake tuhuma, wa zai raba? Talaka kuma ba zai iya ɗaga kai a fada ya ce, "Ranka ya daɗe, ina rasiɗi?" ba. A bar musu kujerar uba. Shi kuwa mai riƙe da muƙamin siyasa, ko wanda ke shirin tsayawa takara, a ba shi haƙuri gaba ɗaya. Asusun da ya shiga hannun jam'iyya, duk shekara huɗu sai ya koma kayan kamfe.

Wa ya kamata ya zauna? A kowane gari akwai su: hedimastan da ya yi ritaya wanda bai taɓa cin kuɗin jarrabawar yara ba, ma'aikaciyar asibiti da ta san gidan kowace mai ciki, uwar adashin da ta shekara ashirin tana riƙe kuɗin mata babu wadda ta taɓa kuka da ita, matashin da ya karanta aikin akanta yana zaune babu aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gari ya san amintattunsa fiye da kowane kamfani.

Kafin a kashe ko sisi, doka ta wajabta wa kamfani ya yi binciken buƙatun al'umma, ya nuna ya saurari mata da matasa da shugabanni, sannan a fitar da tsarin ayyuka daga abin da aka ji. Wannan takarda ita ce uwar komai, domin abin da ba ya cikinta da wuya ya sami kuɗi. Bari in faɗi abin da na gani da idona, wanda ya sa nake ɗaukar ta da muhimmanci haka.

Wata rana da rani na bi ta wani ƙauye inda wani kamfani da ke aiki a yankin ya yi musu rijiyar burtsatse mai sola. Tanki na nan a saman ƙarfe, famfo shida a jere, allo ɗauke da sunan aikin da shekararsa. Famfunan duk a bushe, biyu ma an cire kawunansu. An ɗaure akuya a inuwar tankin. Can gefe ga 'yan mata uku suna tura kura cike da jarkoki, sun nufi rafi inda ake tona yashi a jira ruwa ya tsatso. Na gaida jauro na tambaye shi. Ya ce ruwan ya yi musu shekara ɗaya da 'yan watanni, sai injin sumo ya ƙone. Na ce, "Allah ya ja da ranka, wa ya kamata ya gyara?" Ya buɗe hannu ya ce, "Malam, ranar da suka zo buɗewa aka yi hoto, aka ba ni makullin ɗakin batir. Ba su ce ga wanda za mu nema ba. Ɗan kwangilar ma ba mu san garinsu ba." Kuɗin gyaran ba su kai kashi ɗaya bisa goma na kuɗin ginin ba. Amma babu wanda ya tanade su, babu wanda aka koya wa aikin, babu wanda aka ce abin nasa ne.

Tun daga ranar, duk aikin da aka ce za a yi wa al'umma tambayata ɗaya ce: bayan shekara uku wa zai gyara, da wane kuɗi? Ajin makaranta babu malami, ɗakin shan magani babu ma'aikaci, taransifoma babu waya, duk 'yan'uwan wannan tanki ne. Gini yana da farin jini saboda ana ɗaukar hotonsa kuma akwai kwangila a cikinsa. Gyara ba shi da biki. Saboda haka sai an rubuta shi a cikin tsarin tun farko: kaza na gini, kaza na kula da shi, ga matasa biyu na garin da za a tura su koyi gyaran sola da famfo, ga ɗan abin da za a riƙa karɓa a kan jarka ana tarawa. Da an tambayi 'yan matan nan masu tura kura, da sun faɗi wannan tun kafin a kafa tankin.

Za a sami masu cewa a raba kuɗin kawai kowa ya kama gabansa. Na fahimci dalilinsu, domin an sha yi musu alkawari ba a cika ba, kuma abin da ya shiga aljihu shi ne tabbas. Amma doka ba ta tsara asusun don rabo ba, kuma miliyan 15 a kan magidanta ɗari biyar ba ta wuce cefanen 'yan makonni. Manufofin da doka ta lissafa sun haɗa da ilimi da lafiya da sana'o'i da kare muhalli. A nan nake ganin riba mai ɗorewa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi na koyar da injiniyancin man fetur, Jami'ar Tarayya ta Kashere kuma a cikin Akko take. Ba ma sai digiri ba: walda, aikin lantarki, tuƙin manyan injina, waɗannan su ne ayyukan da irin wannan masana'anta ke ɗauka da yawa. In ba mu horar da namu ba, daga nesa za a kawo masu yi, yaranmu su tsaya a gadi.

Kashi 20 na ajiya kuwa, an yi shi ne don ranar da kamfani zai naɗe tabarmarsa, domin kowace rijiya tana ƙafewa. Ya yi kama da waƙafi: a tsare uwar kuɗi, a amfana daga baya. Doka ta ce a ba ƙwararren mai juya kuɗi ya zuba su a jari. Abu biyu ya kamata a tambaya. Na farko, ina aka zuba su, domin nairar da aka ajiye a kwance shekara goma hauhawar farashi ta cinye ta. Na biyu, mutanenmu da yawa ba za su natsu da kuɗin ruwa ba. Tun 2017 gwamnatin tarayya ke fitar da takardun Sukuk, wato jarin da babu kuɗin ruwa a cikinsa, don haka akwai hanyar da za a iya kawowa teburi a tattauna, maimakon a bari sai an ga riba a littafi sannan gardama ta tashi.

Sashe na 257 shi ne mai ɗaci. Ya ce idan aka fasa bututu, ko aka yi zagon ƙasa, ko tarzoma ta lalata kayan aiki a wata shekara, za a cire kuɗin gyaran daga rabon al'umma. Wato ɓarawo daga wani gari zai iya zuwa da dare ya fasa, gari ya wayi gari an zare masa kuɗin makaranta. Mutanen Neja Delta sun yi ta kuka da wannan sashe, kuma suna da hujja. Dajin Alkaleri da kewayen Yankari ba baƙon matsalar tsaro ba ne. Doka ta cire lalacewar da ta faru saboda matsalar inji ko ta Allah da annabi daga wannan hukunci, don haka duk rigimar za ta koma kan wa ya ce fasawa aka yi, wa ya ce tsatsa ce. Dole al'umma ta sami wakilinta mai ido da waya mai ɗaukar hoto a duk binciken da za a yi, kuma kada ya sa hannu a takardar da bai gane ba.

Haka kuma asusun ba kuɗin toshiyar baki ba ne kan gurɓata ƙasa. Idan mai ya malala, sharewa da diyya nauyin kamfani ne daban. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar da aka yi na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Shawarata ita ce garuruwa su sa a gwada ruwan rijiyoyinsu da rafukansu yanzu, a ajiye sakamakon a wuri fiye da ɗaya. Ranar da ruwa ya canza ɗanɗano, wannan takardar ce shaida.

Saura lissafi. Doka ta tsara rahoto yana hawa ne: kwamitin gudanarwa ya kai wa amintattu, amintattu su kai wa kamfani, kamfani ya kai wa hukuma a Abuja, tare da binciken odita. Duk sama yake tafiya. Saukowarsa gindin maina sai in al'umma ta sa an rubuta haka a kundin asusun ranar da ake tsara shi. Kuma ba baƙon abu za mu ƙirƙiro ba. Kwamitin ginin masallaci yakan miƙe bayan sallar Juma'a ya ce an tara kaza, an sayi kwano bandir kaza, saura kaza. A coci ma ana karanta kuɗin baiko a gaban jama'a. Abin da muke yi wa dubu ɗari biyu, me zai hana mu yi wa miliyan ɗari biyu? A karanta da Hausa da Fulfulde da duk harshen da garin ke ji, sau biyu a shekara. A liƙa a bangon makaranta: sunan aiki, kuɗinsa, sunan ɗan kwangila, ranar gamawa. A hana amintacce ko ɗansa ko surukinsa karɓar kwangilar asusun. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai mutanen garin sun gwada aikin sun sa hannu.

Duk wannan ba sai mun jira Kolmani ba, domin a Gombe akwai inda injin ya riga ya fara juyawa. Madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola, cikin Yamaltu-Deba, tun shekarun 1980 aka gina ta, amma sai bayan sama da shekara talatin tashar lantarkinta mai megawat 40 ta fara ba da wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta shigar da Gombe cikin hukumar N-HYPPADEC mai kula da yankunan da ake samar da wuta daga ruwa. Sannan a Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar, wanda ya ce kamfanonin samar da wuta su keɓe kashi 5 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata don raya garuruwan da suke aiki a cikinsu, kuma amintaccen da zai riƙe kuɗin, kamfani da al'umma ne za su naɗa shi tare. Kalmar "tare" ta fi "tuntuɓa" ƙarfi, kuma kashi 5 ya fi 3. Tambayoyin dai su ne waɗancan: nawa ne kuɗin gudanarwar bara, wa aka naɗa, su wa ke cikin jerin? Masuntan bakin tafkin, da manoman rani, da garuruwan gangare da ruwa ke shiga gonakinsu idan an buɗe ƙofofin madatsar, duk suna da bakin magana. A Maiganga ma, inda ake haƙar kwal a Akko, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta yarjejeniyar raya al'umma da ake sake dubawa duk shekara 5. Dattawan can sun zauna da kamfani a teburi ɗaya shekara da shekaru. Ya kamata mutanen Kolmani su je su gaishe su, su ji abin da suka koya.

Da na koma ƙauye da babbar sallah na yi wa Baffa wannan bayani, sai ya ce, "Ɗana, maganar baki iska ce. Rubuto mana ita da Hausa." Na fassara sassan nan ashirin da huɗu a littafin makaranta, aka fara karantawa bayan la'asar, malamin firamare na karantawa, ana tsayawa ana tambaya. Arɗo ya zo da mutum biyu, mata suka turo uwar adashinsu ta zauna daga bakin zaure. Ranar farko an tsaya a kan wa ke cikin jerin garuruwa. Rana ta uku aka kai sashe na 257, ba a tashi ba sai da aka kira magariba, kuma an bar shi a kan za a aika wa ƙauyuka huɗu na maƙwabta, biyu daga cikinsu a ɓangaren Alkaleri, su turo mutanensu zama na gaba.